Ɗan ci-rani a Legas: a tura riba gida ko a ƙara jari?

Malam, ka ce kana sayar da albasa a kasuwar Mile 12, kana tambaya ko ka tura duk ribarka gida ko ka ƙara jari. Shawarata ka raba ribar biyu, domin ƙarin jari yana iya ƙara riba. A 2005 David McKenzie na Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ba ƙananan 'yan kasuwa a Sri Lanka tallafin dala 100 ko 200, kuma ribarsu ta wata ta ƙaru da kusan kashi 5 cikin ɗari na kuɗin, musamman ta maza. Kuskuren da ya fi damuna shi ne haɗa uwar kuɗi da kuɗin cefane a aljihu ɗaya, buhu biyu su ruɓe, a wayi gari babu jari. Idan rance za ka ci, kada ka sa hannu sai masanin lissafi ya karanta maka sharuɗɗan.