Yadda Ake Shirya wa Sashen Tantance Hujja na Jarrabawar LSAT

Tambaya: Malam, na kammala digirin farko a fannin kimiyyar siyasa, ina kuma son neman gurbin karatun lauya a Amurka. Na fara gwada tambayoyin LSAT, jarrabawar neman shiga makarantun koyon lauya a can, amma a sashen tantance hujja kullum sai in tsaya tsakanin amsoshi biyu, daga ƙarshe in ɗauki wadda ba ita ba. Shin yawan amsa tambayoyi ne maganin wannan, ko akwai wata hanya?

Amsa: Malama, kin yi daidai da kika damu da wannan sashe. Tun daga watan Agustan 2024, hukumar LSAC mai shirya jarrabawar ta cire tsohon sashen wasannin lissafin hankali, ta maye gurbinsa da sashe na biyu na tantance hujja. Yanzu sassa uku ake ba wa maki: biyu na tantance hujja, ɗaya na fahimtar karatu, sai na huɗu na gwaji wanda ba a ƙirgawa, kuma ba za a faɗa miki wanne ne ba. Ke nan kusan kashi biyu cikin uku na makinki, wanda ake aunawa daga 120 zuwa 180, daga nan zai fito. Wannan duk idan digirin JD kike nema, wato digirin farko na lauya a Amurka. Wanda ya riga ya karanci lauya yake neman LLM, wato digiri na biyu a fannin shari'a, galibi ba a buƙatar LSAT daga gare shi.

Yawan amsa tambayoyi shi kaɗai ba zai raba ki da matsalarki ba, hasali ma yana iya zaunar miki da kuskuren. Abin da ke sa mutum ya maƙale tsakanin amsoshi biyu shi ne ya garzaya wurin zaɓi biyar da ke ƙarƙashin kowace tambaya kafin ya gama da ɗan sakin layin da aka ba shi. Yawancin waɗannan sakin layi suna ɗauke da matsayar da marubuci yake son a yarda da ita, da dalilan da ya kafa ta a kansu, sannan a tsakaninsu akwai giɓi, wato abin da ya ƙaddara gaskiya ne amma bai faɗa ba. Tambayoyin da ke cewa ki ƙarfafa hujja, ko ki raunana ta, ko ki nuna aibinta, ko ki fito da abin da ta dogara a kai, duk a kan wannan giɓi suke kewayawa. Idan kin gano shi da kanki tukuna, za ki shiga zaɓin kina sane da abin da kike nema; idan ba ki gano shi ba, amsar da ta fi daɗin ji ce za ta ja ki, kuma da gangan aka rubuta ta haka.

Ga misali. A ce wani ya rubuta cewa tun da aka kafa fitilun titi a wata unguwa sata ta ragu, saboda haka fitilun ne suka rage satar. Dalilin da ya kawo bai wuce cewa abu ɗaya ya biyo bayan ɗaya ba, amma matsayarsa ita ce na farko ne ya haddasa na biyu. Amsar da za ta raunana shi ita ce wadda ta kawo wani sanadin dabam, kamar a ce 'yan sintiri sun fara zagaye a watan da aka kafa fitilun. Amsar da ta ce fitilun sun ci kuɗi da yawa tana iya zama gaskiya, amma ba ta taɓa giɓin ba ko kaɗan. A wannan jarrabawa ba a tambayar ki ko dalilan gaskiya ne. Ki karɓe su yadda aka ba ki, ki ajiye abin da kika sani daga waje, ki duba ko sun isa su ɗauki nauyin matsayar.

Abu na biyu da ke kayar da mutane shi ne rashin bambancewa tsakanin sharaɗin da ya wajaba da sharaɗin da ya wadatar. Idan aka ce duk alƙali ya karanci shari'a, abin da za ki iya fitarwa kawai shi ne wanda bai karanci shari'a ba ba alƙali ba ne. Ba ki da ikon cewa duk wanda ya karanci shari'a alƙali ne, domin karatun shari'a ya wajaba ga zama alƙali amma bai wadatar ba. A rubuce abin yana da sauƙi, amma idan agogo na tafiya, an kuma lulluɓe jimlar da kalmomi irin su "sai dai idan" da "kaɗai", nan ne ake juya ta baibai.

Idan tambayar tana neman abin da hujja ba za ta tsaya ba sai da shi, akwai gwajin da zai raba miki gardamar amsoshi biyu: ki kore kowace amsa, wato ki ɗauka ba gaskiya ba ce, ki ga wace korewa ce ta rusa hujjar. A ce magajin gari ya yi iƙirarin sabuwar gada za ta rage cunkoso a tsohuwar hanya. Amsa ɗaya ta ce wasu direbobi za su koma gadar, ɗaya kuma ta ce mafi yawansu za su koma. Kore ta farko yana nufin babu direba ko ɗaya da zai koma, hujja ta rushe ke nan. Kore ta biyu kuwa bai rusa komai ba, domin ko kashi 30 cikin 100 ne suka koma cunkoso zai iya raguwa. Ta farko ce daidai, duk da cewa ta biyu ta fi ƙarfin lafazi.

Game da tsarin karatu, shawarata ita ce ki yi amfani da tsofaffin tambayoyin hukumar da ke dandalinta na LawHub, domin na kwaikwayo ba safai suke kama salon tarkonta ba. Ki fara ba tare da agogo ba. Bayan kowane sashe, kafin ki leƙa amsoshi, ki koma kan tambayoyin da kika yi shakka, ki rubuta dalilin da ya sa amsa ɗaya ta dace da dalilin da ya kayar da sauran huɗun. Wannan bita ta fi amsa tambayoyin cin lokaci, kuma a ganina ita ce ainihin karatun. Sai hannunki ya faɗa sannan ki kawo agogo: minti 35 ne ga tambayoyi kimanin 25, wato ƙasa da minti ɗaya da rabi kowace. Tambayoyin farko sukan fi sauƙi, kuma makin kowace tambaya ɗaya ne, don haka kada ki ƙarar da minti huɗu a kan guda. Ba a rage maki saboda amsar kuskure, saboda haka idan lokaci ya ƙure ki cike duk guraben da suka rage kafin sashen ya rufe.