Dalilin da ya sa muke fitar da sakamakonmu kafin a buga takarda

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa muke ɗora jerin ƙwayoyin gadon da muka karanta a GenBank, rumbun bayanai na intanet da kowa ke iya dubawa, tun takardarmu ba ta fito a mujalla ba, kuma ko ba ma tsoron wani ya riga mu cin moriyar wahalarmu. Tambayarka tana kan hanya, domin masu wannan sana'a sun daɗe suna jayayya a kanta.

A 1996 shugabannin aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam suka haɗu a tsibirin Bamuda, suka amince cewa duk jerin da aka harhaɗa za a sake shi ga kowa cikin awa 24, kuma John Sulston na cibiyar Sanger a Ingila yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan haka. Hujjarsu ita ce tamu har yau: takarda takan shafe watanni a hannun masu tantancewa, alhali cuta ba ta jira. Shi ya sa ACEGID, cibiyar binciken ƙwayoyin gadon cututtuka da ke Ede a Jihar Osun, ta saki jerin ƙwayoyin gadon ƙwayar korona ta mutum na farko da aka tabbatar yana ɗauke da ita a Najeriya tun a Maris ɗin 2020.

Ba zan ce maka babu asara ba. Masanan Botswana da Afirka ta Kudu sun sanar da nau'in korona mai suna Omikron a Nuwamban 2021, sai ƙasashe da dama suka rufe musu hanyoyin jirgin sama, kuma a ganina an zalunce su. Batun sata kuwa yana da kariya, domin rumbun yana ba kowane jeri lamba da kwanan wata tare da sunayen masu aikin, sannan yarjejeniyar Fort Lauderdale ta 2003 ta nemi masu amfani da irin waɗannan bayanai su mutunta haƙƙin waɗanda suka samar da su.

Inda abin ya shafe ka shi ne littafin aikinka. Jerin da ba a san ranar ɗaukar samfurinsa ba, ko garin da ya fito, ko hanyar da aka bi wajen karanta shi, ba zai amfani masanin da ke nesa ba. Ka rubuta komai a lokacin da kake yin sa, har gwajin da bai yi ba, domin wani kada ya ɓata sinadaransa a kan hanyar da muka riga muka ga ba ta ɓullewa. Sunan majiyyaci da adireshinsa kuwa amana ne, ba sa fita daga ɗakin binciken nan, saboda haka ka kawo mini fom ɗin bayanan samfurin in duba kafin ka tura komai.