Tambaya da Amsa: Wai ƙanƙarar teku tafiya take yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a warware min wannan. Na ga wani bidiyo a Facebook wai wani jirgin ruwan Jamus ya je can ƙuryar arewacin duniya ya maƙale cikin ƙanƙara da gangan, ba a tuƙa shi amma ya yi ta tafiya wata da watanni. To ni dai abin ya ɗaure min kai, ƙanƙarar ba a daskare take wuri ɗaya ba? Me ke tura ta? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Bidiyon gaskiya ne, sunan jirgin Polarstern, a watan Oktoban 2019 aka ɗaure shi jikin wani falalen ƙanƙara a arewacin Saiberiya, kafin ƙarshen Yulin 2020 ƙanƙarar ta kawo shi mashigin da ke tsakanin Girinland da tsibiran Sibalbad.

Abin da zaka fara ganewa shine can Atik, wato ƙuryar arewacin duniya, ba ƙasa bace a ƙarƙashi, teku ne, ƙanƙarar kuma saman ruwan ne kawai ya daskare, galibi kaurinta bai wuce mita 1 zuwa 3 ba. Toh yawo take kamar kainuwa a kan tafki, kuma babban mai tura ta iska ce, igiyar ruwa na bin baya.

Amma fa ba inda iska ta nufa take bi sak ba, nan ne abin yake da daɗi. Wani ɗan Norwe mai suna Nansen shi ya fara yin wannan kasadar da jirginsa Fram daga 1893 zuwa 1896, bayan an tsinci tarkacen wani jirgin Amurka mai suna Jeannette a gaɓar Girinland a 1884 alhali kusa da Saiberiya ya nutse a 1881, sai yace ai lallai ƙanƙarar ce ta ɗauko su, bari ya bi sawu. Yana cikin ƙanƙarar ya lura gudunta kusan kashi 2 cikin 100 ne na gudun iska, sannan tana karkata dama da digiri 20 zuwa 40. Kaga kenan in iska na kilomita 30 a awa, ƙanƙara zata ci wajen kilomita 14 a kwana ɗaya. Karkatar kuwa juyawar da duniya ke yi ce ke jawo ta, wani ɗan Suwidin Ekman shi ya fitar da lissafin a 1905. A kudu wajen Antatika hagu take karkata.

Da yake iskar wurin tana da hanyoyin da ta saba bi, ƙanƙarar ma haka. A arewacin Alaska da Kanada zagaye take yi irin na hannun agogo har shekaru, ɗaya hanyar kuma ita ce ta Saiberiya zuwa Girinland wadda Fram da Polarstern suka bi.

Ni a ganina inda hatsarin yake shine lokacin da iska ta canza fuska. In ta ja ƙanƙara ta rabu sai ruwa ya buɗe tsakani, in kuma ta haɗa su karo sai su hau kan juna su yi tudu, duk jirgin da ke tsakiya ya shiga uku. Haka ta matse jirgin Endurance na wani mai binciken Birtaniya Shackleton a tekun Weddell da ke Antatika har ya nutse a Nuwamban 1915, sai a 2022 aka gano shi a zurfin kusan mita 3,000. Shi Fram an ƙera cikinsa a zagaye ne yadda in ta matse shi sai ta ɗaga shi sama, shi yasa ya tsira.

Yanzu da ƙanƙarar Atik ke ƙara sirancewa saboda ɗumamar yanayi iska ta fi samun sauƙin janta, shi kansa Polarstern ya iso mashigin da wuri fiye da yadda masanan suka yi tsammani.