Filin Tambaya da Amsa: Had Dis Ɗina Yana Kuka, Me Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi, kwamfutata ta tebur ce mai Windows 10, kwanan nan duk sanda NEPA suka ɗauke wuta ta mutu, idan na tayar da janareta na kunna ta sai in ji wani ƙas-ƙas-ƙas a cikinta, kuma folda ɗaya sai ta ɗau minti biyar kafin ta buɗe. Wani yaro ya ce in yi mata chkdsk zata gyaru. Dan Allah ya abin yake? Duk aikin kwastomomi yana ciki wlh. — Mai shago, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka dakata da chkdsk ɗin nan tukuna, wato umarnin Windows mai duba kurakuran dis ya gyara, yaron bai yi ƙarya ba amma ba yanzu ne lokacinsa ba. Wannan ƙas-ƙas ɗin kukan had dis ne, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai karanta bayanai, kamar dai faifan garmaho, sai dai ita wannan ba ta taɓa faifan, shawagi take yi a samansa. Idan ta nemi wuri ta rasa sai ta koma baya ta sake gwadawa, ta sake, ta sake, sautin da kake ji kenan. To shi chkdsk musamman idan aka sa masa /r sai ya bi dis ɗin kaf daga farko har ƙarshe yana karantawa, awanni yake ɗauka, dis ɗin da ke fama da kansa kuwa zai iya cikawa a tsakiyar aikin, ka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Abin da za ka yi yau, ba gobe ba: ka samo wani dis na waje ko babban fulash ka fara kwashe kaya. Kar ka zaɓi komai gaba ɗaya ka ce kwafi, ka fara da abin da in ya ɓata za ka shiga uku, fayilolin kwastomomi, lissafin shago, su Corel ɗin da ka yi zane a ciki. Waƙoƙi da finafinai su jira. In wani fayil ya maƙale ka tsallake shi ka wuce.

Bayan ka gama sai ka sauke wata manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo. Kowane had dis yana rubuta rahoton lafiyarsa da kansa, ana ce masa SMART, ita manhajar karanto maka shi kawai take yi. Shuɗi lafiya lau, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa an gama. Ka duba layi mai lamba 05 da mai lamba C5, su ne ke nuna wuraren da suka lalace a faifan da waɗanda ake zargin suna hanyar lalacewa. Ni dai dis ɗin da ya fara kuka ko shuɗi ya nuna ban yarda da shi ba, canja shi ake yi. Kuma dan Allah kar wani ya ce ka sa shi a firiza ko ka buɗe murfinsa ka gani, raɓa da ƙura za su ƙarasa shi. Sannan ka sayi UPS, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko ƙarami ne, wanda zai ba ka minti biyar ka kashe kwamfuta da hannunka, sitabilaiza kaɗai ba ta yin wannan aikin.

Tambaya: Malam barka da aiki. Had dis ɗina na waje ne, furojet ɗina da hotunan bikin yayata duk suna ciki, jiya na jona shi sai Windows ya ce wai sai na yi fomat kafin in yi amfani da shi. Ban danna ba dai tsoro nake ji. — Ɗaliba, Zariya

Amsa: Ƙanwata kin kyauta da ba ki danna ba, ki ci gaba da ƙin dannawa, don fomat share dis yake yi. Yawanci kayanki suna nan, abin da ya rikice shi ne teburin da ke gaya wa Windows ina kowane fayil yake, kuma babban mai jawo haka shi ne fizge kebul ana tsakiyar rubutu, ko wuta ta ɗauke. Idan kika danna maɓallin Windows da R kika rubuta diskmgmt.msc za ki ga dis ɗin, a inda ya kamata a ga sunan tsarin ajiyarsa, NTFS ko exFAT, sai ki ga an rubuta RAW, wato Windows bai gane tsarin ba.

Ki fara da mai sauƙi, ki canja kebul, ki jona shi a ramin USB na bayan kwamfuta ba na gaba ba, ki gwada a wata kwamfutar. In bai yi ba, a nemi fulash mai Ubuntu, wani nau'in Linux da ke aiki a madadin Windows, a tayar da kwamfuta da shi ba tare da an girka ba, wani lokacin Linux yana buɗe dis ɗin da Windows ya ƙi. In shi ma ya ƙi sai TestDisk da ɗan uwansa PhotoRec, kyauta ne kuma tare suke zuwa. TestDisk yakan nuna miki foldodinki da sunayensu ki kwafe, shi kuwa PhotoRec zaƙulo fayiloli yake yi ba suna, lambobi kawai, sai kin zauna kin tantance, akwai wahala gsky amma furojet ya dawo ai. Sharaɗi ɗaya wanda mutane ke yawan karyawa: duk abin da kika ceto ki ajiye shi a wani dis daban, kar ki mayar kan mai matsalar don za ki rubuta a kan abin da kike nema. Idan kuma gun mai gyara za ki kai, ki faɗa masa da bakinki cewa bayanan kike so ba dis ɗin ba, don wasu da an miƙa musu fomat suke fara yi su ce an gyara.

Tambaya: Oga kwamfutar ofis ɗinmu da safe kawai ta nuna baƙin allo da rubutu No bootable device, jiya lafiya muka rabu. Dis ya mutu kenan? — Ma'aikaci, Bauchi

Amsa: Ba lallai ba ɗan uwa. Ka cire duk wani fulash da ke jone ka sake kunnawa, sau da yawa shi kenan. In bai yi ba ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa da danna maɓalli da zarar an kunna kwamfuta, a Dell F2 ne, a HP F10, wasu kuma Delete, ka ga ko sunan dis ɗin ya fito. In ya fito to yana raye, ka tabbatar shi ne na farko a jerin tashi, ka kuma kalli kwanan wata, in ya koma shekarun baya to ɗan batirin madabod ne ya mutu, CR2032, shi ke sa saiti ya goge. In bai fito ba ka zare wuta, ka buɗe akwatin, ka cire kebul ɗin SATA, mai haɗa dis da madabod, da na wutar dis ɗin ka hure ƙura ka mayar da kyau, lokacin hunturu ƙura ba ƙaramin ɓarna take yi ba. Sai duk wannan ya gaza sannan a jona dis ɗin a wata kwamfutar a gani.

Tambaya: Na sayi dis 1TB amma 931GB na gani, an cuce ni ne? — Mai karatu, Maraɗi

Amsa: Ba a cuce ka ba. Kamfani da 1000 yake lissafi, Windows da 1024, shi ya sa mai 500GB ma 465 yake nunawa. In ɗan Beljiyam ka saya, abin dubawa shi ne awannin da ya yi yana aiki, CrystalDiskInfo zai nuna maka.

Tambaya: Injiniya kwamfutata nauyi kamar me, a Task Manager dis kullum yana 100%, na yi difirag har sau uku ba canji. — Matashi, Kano

Amsa: Ka bar difirag ɗin nan haka, wato harhaɗa gutsattsarin fayiloli wuri ɗaya a dis, Windows na yi da kansa duk mako. Ka duba lafiyar dis ɗin tukuna kamar yadda na gaya wa Alhaji, don dis mai ciwo ma haka yake yi. In lafiyarsa ƙalau ka rage manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, ka tabbatar ba antibayiros biyu ke gudu a lokaci ɗaya ba, nan ne kuma chkdsk C: /f yake da amfani. Amma maganar gaskiya Windows 10 da 11 sun yi wa dis mai juyawa nauyi, ballantana in RAM ɗinka 4GB ne. Ka sayi SSD, dis mai sauri wanda ba shi da faifai mai juyawa, ko 256GB ne ka sa Windows a kai, tsohon ka bar shi na ajiyar finafinai, kuma shi SSD ba a yi masa difirag.