Jawabin babbar ƙawa a wajen dina

'Yar'uwa, kin ce ke ce babbar ƙawa, an ce ki ba da tarihin amarya a dina, kina so a yi dariya ba tare da kin yi ɓaranɓarama ba.

Fara duba su wa ke zaune. Gwaggon ango tana kujerar gaba, kuma bidiyon zai zaga WhatsApp kafin asuba. Tsoffin samari dai ko da wasa kar ki ambata. Haka ma "ba ta iya girki ba". Dangin miji ba sa manta irin wannan.

Zaɓi labari ɗaya tak, wanda ke ce kika fi shan kunya a ciki. Misali ranar da kuka ɓata a Kantin Kwari, ke kina hawaye, ita ko tana cinikin mayafi. Sai ki ce, ai kun ga halinta, ba ta rikicewa, ango ya dace.

Minti 3 ya isa. Karanta wa amarya tun kafin kamu, inda ta ɓata rai ki goge. In aka yi dariya dakata ta lafa, ki rufe da addu'a kafin mai gabatarwa ya karɓe makirufo.