Ɗan haya ya ƙi biya, ya ƙi tashi: in canza kwaɗo?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina da gida mai fulat huɗu a Kubwa. Ɗaya daga cikin 'yan hayana shekararsa uku a ciki, shekara-shekara yake biya, amma yau wata biyar ke nan da ƙarewar kuɗinsa, kullum sai "a ƙara haƙuri". Ba mu rubuta komai ba, dillali ne ya kawo shi, ta banki yake turo mini kuɗi. Ƙanena ya ce in canza kwaɗo ko in yanke masa wuta da ruwa, wani kuma ya ce in kai shi caji ofis. Me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ajiye shawarar ƙanenka a gefe. Yanzu kai ke da gaskiya, kai ke bin bashi. Ranar da ka taɓa kwaɗon nan, ko ka kwashe masa kaya, ko ka ɗaye kwanon rufi, shi zai zama mai ƙara, kai kuma mai biyan diyya. Kotun Ƙoli ta daɗe da yanke wannan magana a shari'ar Eliochin da Mbadiwe ta 1986, ta kuma nanata a shari'ar Iheanacho da Uzochukwu ta 1997: mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya da ƙarfin tuwo, ko da wa'adinsa ya ƙare. Caji ofis ma ba hurumin wannan ba ne, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai.

Rashin takarda bai kashe maganarka ba. Haya ta baki haya ce a idon doka, kuma shaidar turo kuɗi ta banki za ta nuna cewa ɗan hayar shekara ne. Illar ita ce, tunda ba ku rubuta tsawon notis ba, sai a koma ga abin da dokar karɓo gida daga hannun ɗan haya ta Abuja ta tanada: mai biyan mako-mako notis ɗin mako ɗaya, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara kuwa wata shida cur. Da kun rubuta wata ɗaya ko biyu a yarjejeniya, da shi kotu za ta bi.

A nan ne masu gidaje suka fi faɗuwa, don haka ka natsu. Takardu biyu ne, ba ɗaya ba. Ta farko notis ɗin tashi. Ta ɗauki sunansa, da cikakken adireshin fulat ɗin, da irin hayar, da ranar da zai miƙa makulli. Alƙalai da yawa a Abuja suna so ranar ta faɗo daidai da ƙarshen shekarar hayarsa, saboda haka ka fara tono ranar da ya shiga gidan. Idan wa'adin ya cika bai motsa ba, sai takarda ta biyu ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa za ka je kotu neman gidanka. Sai kwana bakwan nan sun cika sannan a shigar da ƙara. Idan lauya ko dillali ne zai sa hannu a madadinka, ka ba shi izini a rubuce tun kafin ya fitar da takardar. Wanda ya kai kuma ya sa ɗan hayar ya sa hannu a kwafi, ya rubuta rana, domin abu na farko da za ka ji a kotu shi ne "ni ban ga wata takarda ba".

Wani lauyan zai ce maka tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2021 a shari'ar Pillars da Desbordes kuskuren notis ya daina rushe ƙara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni ba na ba wa kowa shawarar ya jingina da shi. Gyara takarda tun farko ya fi arha a kan shekara biyu ana ɗage zama.

A ƙarar taka za ka nemi gidan, da bashin da ya taru, da kuɗin zaman da ya yi bayan ƙarewar notis har ranar da ya fita. Idan ya kawo wani abu a tsakani, ka karɓa, amma ka rubuta a rasit cewa na bashin baya ne, kada gobe ya ce ka sabunta masa haya. Bayan hukunci, ma'aikatan kotu ne ke fitar da shi, ba kai da yaran unguwa ba.

Sauran 'yan hayan naka uku fa? Kada wannan wata ya mutu ba ku zauna ba. Kowa a yi masa yarjejeniya a rubuce: nawa ne kuɗin, daga yaushe zuwa yaushe, notis na wata nawa, wa ke gyaran famfo da rufi, wa ke biyan wuta da kwasar shara, kuma ba a sa wani a ɗaki sai da saninka. Shaidu su sa hannu, a biya kuɗin hatimin gwamnati a kanta. Na fi son a rubuta wa'adi tsayayye, misali shekara ɗaya daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Fabrairu, domin irin wannan in ta ƙare ba ta bukatar notis ɗin wata shida, na kwana bakwai ya isa. Idan hayar za ta haura shekara uku, wannan sai lauya, don tana bukatar rajista.

Ka kuma saba da yanka rasit. 'Yan hayanka ma'aikata za su fara nemansa da kansu, tunda sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba su damar cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyaka Naira 500,000, daga kuɗin shigar da ake sa wa haraji. Kai ma kuɗin hayar da kake karɓa yana cikin kuɗin shigar da ake bayyana wa hukumar haraji. Ka leƙa ofishin AGIS, mai kula da bayanan filayen Abuja, ka tabbatar ba a bin filin bashin harajin ƙasa na shekara-shekara, domin a 2025 hukumar Abuja ta soke takardun filaye masu yawa a kan wannan bashi.