Zanen furen yakuwa: siffa da launi

'Yar'uwa, kin ce furen yakuwar da kike zanawa yana fitowa a baje, jan tsakiyarsa kuma ya ƙi yin daidai.

Bakin furen da'ira ne, amma idan ya karkata siffar ƙwai yake komawa. Rufe ido ɗaya, ki miƙe hannu da fensir ki auna tsawo da faɗi, kada ki motsa kai.

Launi ya fi wuya. Zauna kusa da taga, don ƙwan lantarki yana sauya ja. Gwada fentin a guntun takarda, ki bari ya bushe tukuna, domin fentin ruwa yana koɗewa, sannan ki kara shi da furen. Wurin inuwa, ni ɗan kore nake gauraya wa jan, baƙi kashe shi yake yi. Ki fara da safe, furen yini ɗaya yake yi.